Haɗa Sababbin Kaji Da Na Gida: Kada A Yi Garaje

Na san wani zai ce, “To Alhaji, mu da ke harkar shanu, ina mu ina zancen kaji?” Ku yi haƙuri ku saurare ni. Babu ɗayanmu da za a shiga gidansa a rasa akurki a bayan ɗaki, kuma yawanci kajin nan ba namu ba ne, na uwargida ne da amarya da yara. Su ne asusun mata. Da su ake sayen sabulu da magani da littafin makaranta, in baƙo ya sauka ba ka gari da su ake fita kunya. Mu kuwa da ke yawon kasuwanni, yau Maigatari, gobe Mai'aduwa, jibi Jibiya ko Illela, mu muka fi kowa shigo da baƙin kaji gida. Saboda haka in ba mu kula ba, mu za mu fi kowa jawo wa iyali asara.

Ba ji na yi ba, a kaina ta faru. Wata shekara da sanyi ya fara shigowa, na gama cinikina a wata kasuwar bakin iyaka, ina hanyar tasha sai na ga wani yaro da ƴan matan kaji guda biyar a kwando, jajaye masu kyau. Kuɗin da ya faɗa bai kai rabin abin da na sani ba. Ni da na daɗe ina duba hancin sa da idonsa da kashinsa kafin in taya, ban ko ɗaga fiffiken kaza ɗaya ba. Na iso gida da magariba na sake su tsakar gida. Da gari ya waye manyan suka yi musu taron dangi, ɗaya ta wuni da kai a fashe. A kwana na shida biyu daga cikin baƙin suka saki fiffike. Kafin sati biyu, cikin kaji 23 na uwargida huɗu kaɗai suka rage. Ba ta ce mini uffan ba, kuma shirun nan ya fi mini faɗa ciwo. Tun daga ranar na shiga tambaya wurin malaman dabbobi da tsofaffin masu kiwo. Abin da na tara, na kuma gwada a gidana, shi zan zayyana muku.

HATSARI BIYU NE

Duk sa'ad da baƙuwar kaza ta shigo gida, abu biyu ke jiranta, ko kuma ta zo da su: cuta da faɗa.

Maganar cuta ba baƙuwa ba ce gare mu. Kowa ya san yadda saniya ɗaya mai ciwon huhu ke shiga garke da ƙibarta, bayan wata guda tari ya game turke. Haka kaza take. Babbar annobarsu ita ce wadda likitoci ke kira Niyukasil, sunan wani gari a Ingila inda aka gan ta a 1926, shekarar da kuma ta bayyana a tsibirin Jawa na Indunusiya. Kaza takan ɗauke ta, ta yi kwana 2 har zuwa 15 tana tononta lafiya lau kafin alama ta fito. Sa'an nan sai ka ga ta saki fiffike kamar mai yafe da bargo, tana gyangyaɗi, tana buɗe baki da ƙyar take numfashi, kashinta ya koma tsanwa, wata kuma wuyanta ya murɗe. Ba ta da magani. Kafson da ake fasawa a zuba a ruwa ba ya kashe ƙwayarta.

Akwai kuma murar tsuntsaye, wadda a ido ba ka raba ta da waccan. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ita a wata gonar kaji a jihar Kaduna, kafin watan ya ƙare sai ga ta a Magariya, a watan Maris kuma aka same ta a Marwa ta Kamaru. Kun ga ke nan cuta ba ta tsayawa a shingen kwastan. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ita wannan har mutum tana kamawa, don a 2007 ta kashe wata mata a Legas.

Wani abin da ba kowa ke lura da shi ba, cutar ba daga baƙi kaɗai take zuwa ba. Tsofaffin kajinka ma na iya zama su ne masu ɗauke da ita. Kazar da ta taɓa yin murar nan mai kumbura fuska ta warke, sau da yawa ƙwayar na nan jikinta, ita ba ta jin komai amma tana rabawa. Ƙasar tsakar gidan ma cike take da ƙwayoyin zawo da ƙwan tsutsar ciki waɗanda manyan sun saba da su. Ƙananan da aka raina a gidan gona, ba su taɓa taka irin ƙasar nan ba, su ne ke fara faɗuwa.

Faɗa kuwa ɗabi'arsu ce. Kaji ba taron yuyuyu ba ne, kowace ta san matsayinta. Akwai babba wadda ke fara cin tsaba, ta zaɓi wurin kwana mafi kyau, ta sari kowa ba mai sarinta. Ta biyu na sarar kowa ban da ta farkon, haka har zuwa ta ƙarshe. Wani masani ɗan ƙasar Norwe, Schjelderup-Ebbe, ya rubuta bayanin wannan tsari tun 1921, amma kakanninmu mata sun riga shi sani. Kaji suna gane junansu da fuska da zanko. Baƙuwa ba ta da matsayi, don haka kowace sai ta gwada ta. Daidai yake da sabon bijimi a garke, sai an yi karo kafin a san na gaba. Bambancin kawai, bijimai ƙarfinsu ya yi kusa, nan kuwa ƙato ne da yaro.

TUN DAGA KASUWA

Araha ba ta ado. In ka ga an karya kuɗin kaji ba dalili, musamman da hunturu, ka yi zargin annoba ta shiga ƙauyen mai su yana gudun asara. Ka duba kaza kamar yadda kake duba saniya. Ido ya zama garau ba ruwa, hanci a bushe, zanko ba kodewa ba ƙuraje, gashin gindi ba kashi a manne. Ka kara ta a kunne, in ka ji kurkur a ƙirji ka aje ta. Ka ɗaga fiffike ka hura gashin ka nemi ƙwarƙwata, ka dubi gefen ido ko ƙuma ta liƙe, ka dubi ƙafa ko ta yi ɓawo. In da hali, saye a gidan wanda ka sani ya fi saye a kasuwa, inda kajin gari goma ke kwana kwando ɗaya.

Kada ka sayi guda ɗaya. Ɗaya tilo duk saran a kanta zai ƙare. Uku ko huɗu sa'annin juna sun fi, suna raba wahalar, suna ɗebe wa juna kewa.

Sai ɗauko su. Ɗaure ƙafafu a rataye su kai ƙasa a jikin motar shanu, rana na duka, iska na duka, shi ke karya musu jiki har cutar da ke ɓoye ta samu ƙofa. A sa su a kwando mai iska, a rufa buhu a sama don inuwa, a ba su ruwa duk inda aka tsaya. In ka ji hukuma ta hana zirga-zirgar kaji saboda annoba, to ka haƙura, kada kwaɗayin kaza uku ya sa ka shigo wa garinku da bala'i.

KILLACEWA: SATI UKU, IN DA HALI WATA GUDA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka sayo, ka sa a tanadi wurin da za a sauke su. Ba sai an kashe kuɗi ba: tsohon ɗaki, ko zauren da ba a amfani da shi, ko babban kwando a wani lungu nesa da akurki, inda kajin gida ba sa zuwa tono. In kwando ne a tsakar gida manyan na zagaye shi suna leƙe, to ba a killace komai ba.

Kwana 21 shi ne mafi ƙaranci, don ya zarce kwanakin da annobar ke ɓoyewa. Wata guda ya fi kwanciyar hankali. A cikin kwanakin nan:

A ware musu kaskon ruwa da kwanon abinci nasu, kada a haɗa da na gida ko wajen wanki.

Mai ba su abinci ya fara da kajin gida, ya ƙare da baƙi, sa'an nan ya wanke hannu da sabulu. Takalmin da ya shiga wurinsu da shi ya bar shi can, domin a kashi cutar ta fi tafiya.

Kwandon da aka kawo su ciki a wanke a shanya a rana, ko a ƙone in tsoho ne.

A duba su safe da yamma: suna ci, suna sha, yaya kashinsu yake.

A yi musu maganin tsutsar ciki da na ƙwari, wanda malamin dabbobi ya bayar. Ban da kananzir, ban da maganin feshin gona, waɗannan sun kashe kaji ba adadi. A zuba musu toka da yashi a kasko su yi birgima. Ƙafa mai ɓawo a riƙa shafa mata mai.

Agwagwa sai an ƙara kula, don takan ɗauki cutar ba ta nuna komai ba. Zabo da talotalo da tantabara su ma a killace su, kada a ce ai ba kaji ba ne.

In ɗaya ta kwanta ciwo a cikin kwanakin, lissafi ya koma farko. In kuwa suka soma mutuwa bi da bi, kada a sayar, kada a kai kyauta, kada a jefar a juji kare ya ja. A haƙa rami mai zurfi a binne, a kuma sanar da ma'aikatan dabbobi.

RIGAKAFI

Killacewa ita kaɗai ba ta isa ba, don kajinmu suna fita suna cuɗanya da na maƙwabta. Rigakafin Niyukasil iri biyu muka fi gani. Akwai na ɗigawa a ido, wanda ake kira I-2. A Ostareliya aka samo shi domin kajin ƙauye, ya fi sauran jure zafi, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin sa. Ɗigo ɗaya ne a ido ɗaya, babba da ɗan tsako duk ɗaya, a maimaita bayan wata huɗu. Jure zafin ba ya nufin a jefa shi aljihu a wuni da shi a kara. A naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma, a aje a inuwa, a bi abin da mai sayarwa ya ce game da kwanakinsa. Akwai kuma na allura, irin su ITA-NEW da aka fi sani a ƙasashen sefa, shi wannan sai wanda ya iya.

Abu biyu za a riƙe. Na farko, ba a yi wa kaza marar lafiya rigakafi, ba magani ba ne. Na biyu, jiki na bukatar sati ɗaya zuwa biyu kafin ya ɗauka. Don haka a yi wa baƙi da na gida gaba ɗaya, aƙalla sati biyu kafin ranar haɗawa. In ƙananan daga gidan gona suka fito, ka tambayi mai su wace rigakafi aka yi musu da kuma yaushe, har da ta Gumboro, cutar da ta fi kama ƴan sati 3 zuwa 6.

SAI SUN YI GIRMA

Ko lafiyarsu ƙalau, ƙanana ba sa iya zama da manya sai sun kai. Ɗan tsako yakan gama fitar da gashi wajen sati shida, amma gashi ba ƙarfi ba ne. Abin da ya fi shi ne a jira su kai wata uku zuwa huɗu, jikinsu ya kusa na manyan. In ba ka san kwanakinsu ba, ga alama: muddin suna kukan ƴan tsaki, da saura. In murya ta fara buɗewa tana komawa ta kaza, sun kusa. Kajin turawa jajaye masu ƙwai, ko da jikinsu ya fi na kajin Hausa, ba su da zafin nama da wayon gudu, saboda haka kada girman jiki ya ruɗe ka.

SU GA JUNA, KADA SU TAƁA JUNA

Bayan an gama killacewa sai mataki na biyu. A kawo baƙin tsakar gida cikin keji na ragar waya, ko a kifa musu babban kwando mai tazara, a inuwa, inda manyan ke wuni. A ɗora dutse a kai don iska da akuya. Nan za su yi sati ɗaya zuwa biyu. Ranar farko za ka ga manyan suna zagaye suna tada gashin wuya suna kai sara ta raga. Ka bar su. Lokacin zuba tsaba, a watsa ta a bakin ragar, ciki da waje, su riƙa ci kai da kai. Ranar da ka ga manyan suna wucewa ba su ko waiwaya ba, ko wata ta kwanta jikin kejin tana birgima, to ido ya saba.

Wannan zaman yana da wani amfani: baƙin suna koyon gida. Kazar da aka sake ranar da ta zo, da magariba ba ta san inda za ta nufa ba, sai ta hau bishiya ko ta faɗa gidan maƙwabci, daga nan sai muzuru ko rigima.

RANAR HAƊAWA

Ka zaɓi ranar da kake gari, ko akwai babban da zai zauna ya sa ido. Kada ka haɗa su yau gobe da asuba ka bi mota.

Kafin nan a share akurki, a kwashe kashi, a liƙe tsagar bango. A cikin tsagar nan kaskar kaji ke ɓuya da rana, da dare ta fito ta sha jini, kuma ƙanana ta fi kayarwa. A tabbata wurin ya ishe su. In akwai sandar kwana, kowace kaza na son kamar taƙi guda, a kuma ƙara wata sanda ƙasa-ƙasa domin baƙin, don manyan ba za su bar musu ta sama ba.

Bayan la'asar ya fi. A fara ba manyan abinci su ƙoshi, sa'an nan a ɗaga kejin a bar ƙananan su fito da kansu, a fili inda akwai wurin gudu. Sa'a ɗaya ko biyu sai duhu ya raba su. Kwana biyu ko uku ana haka, suna komawa kejinsu su kwana. Daga nan sai a shigar da su akurki da dare, bayan lisha, lokacin da manyan suka yi barci, don kaza ba ta gani sosai a duhu. Sai dai ku ji wannan da kyau: wanda ya sa su da dare, shi zai buɗe da asuba. Mafi munin faɗa shi ne wanda ake yi da sassafe a rufaffen akurki, ƙarami ba shi da inda zai tsere.

A tsakar gida kuma a yi musu abu uku. A aje ruwa wuri biyu ko uku, nesa da juna, yadda babba ba za ta tsare duka ba. Da bazara ƙaramar kazar da aka hana ruwa wuni guda ta tafi, kai kuwa ka ce cuta ce. Abinci ma haka, a watsa shi da faɗi maimakon tarawa a kwano ɗaya. Na uku, a yi musu mafaka: a ɗora kwando a kan duwatsu, a bar tazarar da ƙarami zai kutsa babba ba ta iyawa, a sa ruwa da abinci a ciki. A jingina tsohon zana ko itace a jikin bango, mai ƙofa biyu, don in an biyo ta nan ta fita ta can. Lungun da ba shi da mafita a toshe shi.

Da dare ka shafa gindin wuyan kowace baƙuwa, inda abinci ke taruwa. In ka ji shi cike, ta ci. In ka ji wayam, ana hana ta, sai a ware ta a ba ta.

WANE FAƊA ZA A BARI, WANE ZA A RABA

Sara ɗaya biyu, ƙarama ta sunkuya ta kauce, babba ta koma tononta, wannan gaisuwa ce, kada ka sa baki. In kana rabawa kullum, ba za su taɓa gama shirya matsayinsu ba. Yawanci cikin sati ɗaya ko biyu ƙura ke lafawa. Ƙwai ma yakan ɗan ragu a kwanakin, zai dawo.

Wanda za a raba shi ne in an bi guda ɗaya ana kora ba hutu, ko an taru a kanta, ko ta maƙale a lungu ta ƙi fitowa, ko jini ya fito. Jini shi ne babban hatsari. Kaza in ta ga ja sai ta sara, sauran su biyo, kafin ka ankara sun huda kai ko gindi. Nan take a ɗauke mai raunin, a wanke da ruwan gishiri mai ɗumi, a shafa shuɗin maganin nan na gyambo, ya rufe jan. Kada a mayar da ita sai ya warke, kuma a mayar da ita tare da ƴar uwarta.

In ka lura za ka ga guda ɗaya ce ke tada fitinar, kuma sau da yawa ba babbar ba ce, ta can ƙasa ce wadda ke tsoron a ƙwace ɗan matsayinta. To ita za a kama a kulle, inda ba ta ganin sauran, kwana uku ko huɗu. In ta dawo ita ma ta zama baƙuwa, ta kanta take yi. In an yi haka sau biyu ba ta daina ba, tukunya na jiranta.

ZAKARU

Zakara ɗaya ya ishi kaji goma. Ƙaramin zakara in ya shigo, tsohon na iya ƙyale shi har ranar da ya fara cara, daga nan sai yaƙi. In fili ƙarami ne, a zaɓi ɗaya, ɗayan a sayar ko a yanka. Kuma a lura da ƙaton zakara kada ya riƙa hawan ƴan matan da ba su kai ba, yana ji musu ciwo a baya da ƙeya. In ana ganin haka a ware shi na ɗan lokaci.

KAZA MAI ƳAƳA

Ƴan tsakin da aka ƙyanƙyashe a gida hukuncinsu daban. Uwarsu ce garkuwarsu, ita za ta shigar da su cikin jama'a, kuma ba mai taɓa su tana tsaye. Abin da ake bukata kawai a kifa musu kwando ita da su na sati uku ko huɗu na farko, saboda shirwa da sanyin safiya da tattakewa, a kuma ɗiga musu rigakafi. Ranar da ta yaye su, wajen wata biyu, su ne na ƙarshe a gidan, sai a bar musu mafakar nan da na faɗa.

In kuwa ƴan tsaki ka sayo ƴan kwana ɗaya ko biyu, kana da kazar da ta kusa cika kwana 21 tana kwanci, ana iya tura mata su ƙarƙashin fiffike da dare a janye ƙwan da bai yi ba. Sau da yawa takan karɓa. Amma a tsaya a gani da safe, don wata takan ƙi, ta kashe su. Waɗanda suka wuce ƴan kwanaki ba sa bin uwar riƙo, ita ma ba ta karɓarsu.

ABINCI

Ga masu sayen abincin buhu, na masu ƙwai an cika shi da sinadarin da ke yin ɓawon ƙwai, ya ninka na masu tasowa wajen sau uku ko huɗu. Ƙaramar da ba ta fara ƙwai ba in ta daɗe tana cin sa yana lalata mata ƙoda. Dabara ita ce a ba kowa na masu tasowa, sa'an nan a aje dakakken ƙashi ko ɓawon ƙwai a wani kasko daban, mai bukata za ta ci. Ɓawon a gasa shi a daka lukui, kada su gane su koyi shan ƙwai. Masu ba da dusa da ɓarzajjen gero ko dawa kuwa, su ƙara da gara da garin kifi da ganye. Yunwa da cunkoso da rashin abin gina jiki su ke sa kaji cin gashin juna.

WANE LOKACI YA FI

Hunturu shi ne lokacin annoba, daga wajen Nuwamba har sanyi ya fita. Haka kuma gabanin bukukuwa, sa'ad da kaji ke ta yawo daga kasuwa zuwa kasuwa. Tsakiyar damina ƙasa a jiƙe take, zawo na kama ƙanana. Ni dai na fi son farkon kaka: ga tsaba ko'ina, ga ƙwari, cikin kowa a cike ba mai neman faɗa, kuma akwai sararin yi musu rigakafi kafin iska ta juyo.

In an lissafa duka, sati uku na killacewa, ɗaya ko biyu na ganin juna, ɗaya na sa ido, abin bai wuce wata ɗaya da rabi ba. Sannu ba ta hana zuwa. Da yake yawancinmu ba ma zama gida, ka zaunar da uwargida da yaron da ke kula da su, ka karanta musu wannan, ka nuna musu ranar da za a fitar da baƙin a kalanda. Kuma kafin ka ɗauko ko da kaza ɗaya ce, ka tambayi mai akurkin ko tana so, tunda dukiyarta ce za ka sa a hatsari.

Allah ya sa albarka a abin da muke kiwo, babba da ƙarami, ya kiyaye mana hanya.